Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Zariya zuwa ga kamfanonin jiragen dogon zango, a kan ajin tsakiya da kuke sayar mana

Zuwa ga shugabanni da manajojin kamfanonin jiragen sama masu ɗaukar fasinja daga Abuja da Legas zuwa Turai, Amurka da ƙasashen Larabawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku na sama da na ƙasa. Allah ya ci gaba da tsare jiragenku, ya sauke kowane matafiyi lafiya.

Ni mai yankan tikitin jirgi ne. Ina da ɗan ofis a Sabon Garin Zariya, kuma shekarata goma sha huɗu ke nan a wannan sana'a. Da yawun mutanen da ke zama a gaban teburina nake magana: malaman jami'a da suka yi ritaya a Samaru da Kongo, iyaye mata daga Tudun Wada da cikin birni da za su je yi wa 'ya'yansu zaman jego a Ingila ko Amurka, marasa lafiya da likita ya yarda su yi tafiya amma ya ja musu kunne a kan dogon zama, da kuma 'ya'yansu da ke ƙetare waɗanda ke tsimin albashi don iyayen su iso da sauran ƙarfinsu. A kwamfutarku waɗannan mutane haruffa shida ne na lambar tikiti. Ni kuwa na san gidajensu, na je sunan jikokinsu. In abu ya lalace a sama, ba ofishinku na Legas suke zuwa ba, wurina suke dawowa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a cikin wata biyu da suka wuce mutum uku daga cikin waɗanda na yankar wa tikitin ajin da kuke kira firimiyam ikonomi, wanda mu a nan muke cewa ajin tsakiya, sun isa filin jirgi suka tarar kujerar da suka biya babu ita. Har yau da nake wannan rubutu, ɗaya ne kawai kuɗinsa ya dawo.

Kada ku ɗauka daga inda ba a san jirgi ba ake muku magana. A garin nan Kwalejin Fasahar Jiragen Sama take tun 1964, kuma yaron da ya tashi a Palladan, unguwar da kwalejin take, da ƙarar ƙananan jiragen koyo ya girma. Matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hannu da yawa a ƙasar nan a Zariya suka yi karatu. Mun san jirgi yakan samu matsala, mun san ana canza shi don tsaron rai, kuma ba wanda ke jayayya da haka. Kukanmu a kan abin da ke biyo bayan canjin ne.

Ku bari in fara da abin da mutanenmu suke saya in sun biya wannan aji, domin ina ganin nan ne kuka kasa fahimtarmu. Kamfanonin EVA Air na Taiwan da Virgin Atlantic na Ingila ne suka ɓullo da shi a farkon shekarun 1990, kuma yau manyan kamfanoni da yawa suna da shi. A ajin ikonomi, wato ajin gama-gari, tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta inci 31 zuwa 32 ce. A ajin tsakiya takan kai inci 38. Inda ake jera mutum goma a layi ɗaya cikin Boeing 777, a ajin tsakiya takwas ake jerawa. Sai kujera mai ɗan faɗi, mai kwanciya baya sosai, da matokarin ƙafa. Jakar kaya ba ita ce ribar ba, don kamfanoni da yawa suna ba fasinjan Najeriya jaka biyu masu kilo 23 ko a ikonomi yake. Ke nan abin da ake biyan ninki ɗaya da rabi, wani lokaci ninki biyu, a kansa bai wuce inci shida ko bakwai ba. Ko taƙi guda bai cika ba.

Ga matashi mai jini a jika, wannan taƙin jin daɗi ne. Ga dattijon da ya haura saba'in, mai ciwon gwiwa ko ciwon baya, shi ne bambancin sauka da ƙafarsa da sauka a keken marasa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yakan ninka kusan sau biyu ga wanda ya zauna awa huɗu ko fiye bai motsa ba. To, mutumin Zariya kafin ya ga ƙofar jirginku ya riga ya cinye awa huɗun nan a mota. Daga Kwangila a nan Zariya zuwa filin jirgin Abuja ya fi kilomita 250, a kan hanyar da aka fara aikinta a 2018. Wanda ya zaɓi jirgin ƙasa sai ya je tashar Rigasa a Kaduna da sassafe, ya sauka tashar Idu a Abuja, ya sake neman mota. Daga nan ya yi awa uku a layin bincike da zaman jira, sannan awa shida da wani abu zuwa Landan. Mai zuwa Atlanta daga Legas kuwa awa goma sha biyu ne ko fiye a kujera ɗaya. Shi ya sa 'ya'ya suke cije haƙori su biya ajin tsakiya: ba su da kuɗin bizines, wato ajin gaba mai tsada, kuma ba za su iya jure tunanin mahaifiyarsu a matse ba.

Kukana na farko, kuma mafi girma, shi ne sauke mutum daga ajin da ya biya. Zan ba ku labarin mutum ɗaya. Wata Hajiya ce daga Tudun Wada, an yi mata aikin gwiwa bara, ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ɗanta da ke aikin jinya a Ingila ya turo kuɗi, ya kira ni ya fi sau biyar yana cewa, "Don Allah Malam, ka tabbatar kujerar Umma ta bakin hanya ce, kuma mai wurin miƙe ƙafa." Na zaɓa mata da hannuna, na buga takardar, na yi wa lambar kujerar da'ira da jan biro don kada ta ɓace mata. Ƙaninta ya kai ta Abuja. A wurin awon kaya aka karɓi takardar, aka miƙo mata wata mai sabuwar lamba, ba wanda ya ce mata uffan. Hajiya ba ta jin Turanci sosai, kuma ba ta da dalilin zargi. Sai da ta shiga jirgi ta ga ana ta nuna mata baya, har aka zaunar da ita can ƙurya, tsakanin mutum biyu. An canza jirgi, sabon yana da ƙarancin kujerun ajin tsakiya, sai kwamfuta ta tsame ta. Ta yi awa shida ƙafarta a tanƙwashe, kuma kunya ta hana ta ta da maƙwabcinta don ta miƙe. Kwana huɗu ta yi a kwance a gidan ɗanta ƙafa a kumbure.

Abin da ya fi min ciwo shi ne yadda aka zaɓe ta. A iya abin da na gani a wannan aiki, in kujera ta yi ƙaranci, mai katin yawan tafiye-tafiye da wanda ya yi rajistar shiga da wuri ta wayarsa su ke tsira. Wanda ake saukewa shi ne wanda bai san da manhaja ba, wanda zai zo da takarda a hannu. Wato tsoho. Wato mutumin da kujerar ta fi yi wa amfani a cikin jirgin gaba ɗaya. A tikitin Hajiya na riga na sa buƙatar keken marasa lafiya, alamar tana nan a gabanku, amma ba ta hana komai ba.

Sai maganar mayar da kuɗi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda Birtaniya ta riƙe irinta bayan ficewarta, ta ce in aka sauke fasinja daga ajinsa a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, a mayar masa da kashi 75 cikin 100 na kuɗin wannan zangon cikin kwana bakwai. Abuja zuwa Landan ko Faris ko Firankfut duk sun wuce haka, kuma dokar ta hau kan kamfanonin Turai ko daga nan suka taso. A gida ma, Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ya tanadi haƙƙin wanda aka sauke daga ajinsa. Kun fi ni sanin waɗannan dokoki. Amma abin da ake miƙa wa mutanena takardar rangwame ce ta tafiya ta gaba, mai wa'adi, ko makin tafiye-tafiye. Me Hajiya za ta yi da maki? Wataƙila wannan ce tafiyarta ta farko kuma ta ƙarshe zuwa Ingila. Kuɗi ɗanta ya biya, kuɗi za a mayar masa. Shi kuwa wanda ya nemi kuɗin, sai a tura shi wani shafi na intanet, daga can a ce ya koma wurin wakilin da ya sayar masa, ni kuma in rubuto a ce fasinja ne kaɗai zai iya shigar da ƙorafi. Haka ake ta kai gwauro a kai mari har mutum ya gaji ya bar wa Allah. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na san ku ma kun sha wuya a ƙasar nan. Kuɗaɗenku sun maƙale saboda ƙarancin dala har suka haura dala miliyan 800 a 2023, kuma ba mu ji daɗin haka ba. Amma ku tuna, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Malamin da ya yi ritaya, in ya biya ajin tsakiya yau, fanshon watanni ya haɗa. Kun san ɗacin jiran kuɗin da yake haƙƙinku ne. Kada ku ɗanɗana wa wanda bai kai ku ƙarfi ba.

Na biyu, sunan da kuke sa wa kaya. Akwai ajin tsakiya na gaskiya, mai ɗakinsa daban da labulensa. Akwai kuma kujerar ikonomi da aka ɗan ƙara wa wurin ƙafa, aka raɗa mata suna mai daɗi da ya yi kama da na ajin tsakiya. Ni na san bambancin, amma ɗan da ke saya wa mahaifinsa da tsakar dare bayan ya taso aiki bai sani ba. Haka nan tikitin da ke da zango biyu ko uku: a saman shafi an rubuta ajin tsakiya da manyan haruffa, alhali zango ɗaya ne kawai ke da shi, sauran ikonomi ne, an ɓoye bayanin can ƙasa. Wani lokaci kuma tikitin da sunanku yake, jirgin na abokin hulɗarku ne, wanda kujerarsa daban take ko ba shi da ajin ma sam. A kasuwar Sabon Gari, in mai hatsi ya sa mai kyau a sama ya ɓoye tsakuwa a ƙasa, algus muke kiran abin, ko da farashin ya yi daidai.

Na uku, lalatattun kujeru. Matokarin ƙafa da ba ya fitowa, maɓallin kwanciya da ya maƙale, allon kallo da ya mutu, wurin cajin waya da ba wuta. In ajin ya cika, ma'aikaciya ba ta da inda za ta mayar da mutum, sai ta ba shi haƙuri. Kujerar da ba ta kwanciya ai kujerar ikonomi ce mai tsada. Ma'aikatanku suna rubuta irin waɗannan a littafin gyara na jirgi, don haka sau da yawa kun san da lalurar kafin ku sayar. Mutanena da ke wucewa Amurka ta Turai sukan faɗa min, ba tare da na tambaya ba, cewa jirgin zango na biyu ya fi wanda ya ɗauke su daga Najeriya tsabta da sabunta, alhali tikiti ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne.

Na huɗu, abinci da hidima, kuma a nan zan ɗan daɗe. Akasarin waɗanda nake yankar wa tikiti Musulmi ne, don haka nakan sa musu buƙatar abincin halal kwana biyu ko fiye kafin tafiya, kamar yadda kuka tsara. Abin da suke ba ni labari iri biyu ne. Ko dai abincin bai hau jirgi ba, ko kuma ya hau amma na ikonomi ne a ƙaramar roba, maƙwabcinsu yana cin nasa a tangaran. Mutum bai kamata ya zaɓa tsakanin addininsa da abin da ya biya ba. Wani farfesa mai ritaya daga Samaru, mai ciwon suga, na sa masa abincin masu suga tun ranar da aka yanki tikiti. Ba a ɗora ba. Ya riga ya yi allurarsa yana jiran abinci, sai aka zo masa da haƙuri. Allah ya taimake shi matarsa ta sa masa dabino da gyaɗa a jaka. Da ba ta sa ba fa?

Ga kuma farantin maraba da ake zagayawa da shi kafin tashi, kofunan giya da na lemo a jere, kalarsu kusan ɗaya, ba mai cewa wannan kaza ne. Dattijon da bai taɓa ganin giya a kofi ba, ta ina zai gane? Kalma ɗaya daga bakin ma'aikaci ta isa. A watan azumi kuma, mai azumin da ya ce a ajiye masa abincinsa sai an sha ruwa bai roƙi abu mai wuya ba. Wasu ma'aikatanku suna yin haka da kansu, har su zo su gaya wa mutum rana ta faɗi, kuma Allah ya saka musu. Wata ma'aikaciya ta taɓa riƙe hannun wata tsohuwa da na yankar wa tikiti ta zaga da ita cikin jirgi har sau biyu don jini ya gudana, tsohuwar tana sa mata albarka har yau. Amma bai kamata ya zama sa'a ba, yau ka dace da mai kirki, gobe ka haɗu da wanda zai ce lokacin abinci ya wuce.

Banɗaki ma abin dubawa ne. A jirage da yawa mai ajin tsakiya ba shi da nasa, na gaba an hana shi, sai ya bi dogon layi zuwa baya. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, likita ya ce a yawaita shan ruwa, amma tsofaffinmu sukan ƙi sha don gudun wannan tafiyar. Su sauka da ƙishi da jiri.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

In za a canza jirgi kuma kujerun ajin tsakiya ba za su isa ba, ku sanar da fasinja da wakilinsa tun kafin ya baro gida. Saƙon waya ɗaya da daddare zai hana mutum barin Zariya da asuba. Ku ba shi zaɓi: ya jira jirgin gobe a ajinsa ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ko ya tafi yau a mayar masa da haƙƙinsa. In kuwa sai a filin jirgi abin ya bayyana, a faɗa masa baki da baki kafin a miƙa masa takarda, cikin harshen da yake ji. A Abuja ba za ku rasa ma'aikaci mai jin Hausa ba.

Ku gyara ƙa'idar wanda ake saukewa. Duk wanda tikitinsa ke ɗauke da buƙatar keken marasa lafiya, da mai takardar likita, da mai juna biyu, da wanda ya haura shekara sittin da biyar, su zama na ƙarshe da za a taɓa. Ku fara neman masu sa kai da tayin da zai ja hankalinsu, za ku samu matasa da za su karɓa da murna. In kuma akwai gurbi a bizines, can ya kamata tsohuwa ta nufa, ba ƙurya ba.

Ku mayar da kuɗi a matsayin kuɗi, ta hanyar da aka biya, cikin wa'adin da doka ta sa, ba sai an roƙa ba. Kwamfutar da ta san ta sauke mutum ta san nawa ake bin ta. Ku kuma yarda wakili ya bi wa fasinjansa haƙƙi in fasinjan ya sa hannu, tun da ta hannun wakilin kuɗin ya zo muku.

A shafin sayarwa, ku rubuta ajin kowane zango a fili kusa da farashi, da tazarar kujera, da sunan kamfanin da zai yi jigilar. Kujerar da aka san ta lalace kada a sayar da ita da kuɗin ajin tsakiya, in kuma a sama ta lalace, a ba fasinja shaida a rubuce kafin ya sauka. Abincin halal da na masu suga su zo daidai da ajin da aka biya, a kuma tabbatar wa fasinja a bakin ƙofa cewa nasa ya hau. Ku bar tsofaffi da marasa lafiya su shiga banɗakin da ya fi kusa da su. Sannan ku buga ɗan kati da Hausa, da sauran manyan harsunan ƙasar nan, mai nuna yadda ake kwantar da kujera, yadda ake fito da matokarin ƙafa, da wane maɓalli ke kiran ma'aikaci. Na san waɗanda suka biya ajin tsakiya suka zauna ƙiƙam har Landan don ba su san kujerar tana kwanciya ba, kuma nauyin tambaya ya hana su.

Ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wadda zan aika wa kwafin wannan wasiƙa, roƙona biyu ne. A buga haƙƙin fasinja da ke Sashe na 19 da Hausa, a manna a filayen jirgin Abuja da Kano da Kaduna inda mai jira zai gani, a kuma karanta shi a rediyo don waɗanda ba sa karatun boko. Sannan a nemi kowane kamfani ya riƙa ba da ƙididdigar mutum nawa ya sauke daga ajinsu a hanyoyin Najeriya, da nawa ya biya, da kwana nawa biyan ya ɗauka.

Takardun mutum biyun da kuɗinsu bai dawo ba suna nan a ofishina, da rasiɗansu da tsofaffin lambobin kujerunsu da sababbin da aka ba su. Na sake tura su ga kamfanonin da abin ya shafa a makon nan. Hajiya za ta dawo gida ƙarshen wata mai zuwa, tikitin dawowarta ma na ajin tsakiya ne, kujerar bakin hanya, kuma ɗanta ya riga ya fara kirana yana tambaya ko wannan karon za a bar mata ita. Ina jiran amsarku don in san abin da zan faɗa masa.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Mai yankan tikitin jirgi,
Sabon Gari, Zariya.